Harajin kabon, kasuwar izinin hayaƙi ko ƙarin kashi 5 a kan mai: wanne masu masana'antu za su mara wa baya?

A watan Oktoba na 2022 ruwa ya shanye hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajen Koton Karfe. Tankokin mai da tirelolin kaya suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, dogon layin mai ya dawo Abuja, mai sayar da kayan gini a Dei-Dei da mai masana'anta a Idu kowa ya ji a jikinsa. Ambaliyar wannan shekarar ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasa. Bayanta ga ta Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ga ta Mokwa a Mayun 2025. Akwai laifin toshewar magudanu da rashin gyaran madatsu a ciki, amma mamakon ruwa irin wannan yana ƙara yawaita yayin da duniya ke ɗumama, asararsa kuwa tana sauka a kan jarin ɗan kasuwa. Tambayar da ke gaban ƙungiyoyinmu, daga ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da haɗaɗɗiyar ƙungiyar cibiyoyin kasuwanci ta NACCIMA har Cibiyar Kasuwanci da Masana'antu ta Abuja, ita ce ta wace hanya za a sa wa hayaƙi farashi, wa zai biya, kuma ina kuɗin za su.

Doka ta riga ta buɗe ƙofa. Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, ta ɗora mata haɗa kai da hukumar tara haraji ta tarayya wajen tsara harajin kabon, ta kuma ɗora mata tsara cinikin izinin hayaƙi tare da ma'aikatun muhalli da kasuwanci. Wato hanyoyin biyu duka suna cikin doka, ba a zaɓi ɗaya ba. Dokar ta kuma ce duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in da zai riƙa ba da rahoton rage hayaƙi duk shekara, sharaɗin da masu kamfanoni da yawa ba su ma san da shi ba. Sai ga sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta ɗauko ƙarin kashi 5 a kan man fetur da dizal daga dokar hukumar gyaran hanyoyi ta 2007 ta dasa shi a cikinta. Ba zai fara aiki ba sai ministan kuɗi ya fitar da umarni a hukumance, kuma a Satumban 2025 ministan ya ce babu niyyar aiwatar da shi nan kusa. Ya zama hanya ta uku ke nan, tana nan a ajiye.

Yin shiru a irin wannan hali ba ya hana komai zuwa. Abin da yake haifarwa shi ne a yi wa mutum aski ba ya nan.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya da kansa

Kafin a shiga gardama, ga awon da komai ya rataya a kansa. Lita ɗaya ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.68 na iskar kabon. Ta fetur kilo 2.31. Wannan ba ya sauyawa da irin injin, tsohon janareta ne ko sabo, domin kabon ɗin yana cikin man tun farko. Injin mai kyau dai yana shan mai kaɗan ne kafin ya yi aiki ɗaya.

Mu ɗauki haraji na dala 10 a kan kowane tan na hayaƙi, mu ƙaddara canjin dala naira 1,500 don sauƙin lissafi. Tan ɗaya ya zama naira 15,000, kilo ɗaya naira 15. Lita ta dizal za ta ɗauki naira 40, ta fetur naira 35.

Yanzu a kawo masana'antar ruwan leda ko gidan burodi mai janareta 100 kVA. Idan yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, yana shan wajen lita 17 a awa, yana ba da yunit 60 na wuta. Awa 10 a rana, kwana 26 a wata, lita 4,420 ke nan, hayaƙinta tan 11.8. Harajin wata ya kama naira 177,000. Idan an sayi dizal ɗin naira 1,400 a lita, kuɗin man kansa ya haura naira miliyan 6.1, harajin bai kai kashi 3 cikin 100 nasa ba. A wannan farashin dai, ƙarin kashi 5 zai ci naira 70 a lita, wato naira 309,400 a wata. Tirela kuma da ta sha lita 300 daga Legas zuwa Abuja za ta biya naira 12,000 a ƙarƙashin harajin kabon, idan aka raba wa buhu 600 da ta ɗauko kowane buhu naira 20.

Siminti ne inda abin yake da nauyi. Farin dutsen da ake ƙonawa a tanderu don yin kilinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, yana sakin kabon daga jikinsa, kimanin kilo 520 a kowane tan na kilinka, tun ba a lissafa makamashin da aka hura wutar da shi ba. Tanderun zamani yana buƙatar wajen gigajul (ma'aunin makamashi) 3.4 na zafi a tan. Idan kwal aka ƙona, hayaƙinsa kusan kilo 320 ne, idan iskar gas ce kusan kilo 190. Bayan an gauraya kilinka da sauran kayan haɗi, buhun siminti mai kilo 50 yana ɗauke da hayaƙin da ya kai kilo 30 zuwa 35, harajinsa naira 450 zuwa 525. Mai gini a Kubwa ko Lugbe zai ga wannan a rasit.

Abin lura a nan: a wajen mai janareta, harajin dala 10 ba zai sauya masa shawara ba. Yunit ɗaya daga dizal yana cin masa kusan naira 400 na mai kaɗai, alhali wutar layin Band A da aka kai naira 225 a Afrilun 2024 daga baya ta sauko ƙasa da naira 210. Wanda bambancin naira 190 bai raba shi da janareta ba, ƙarin naira 11 ba zai raba shi ba, domin rashin wutar ne ya ɗaure shi. Inda farashin kabon ke aiki da gaske shi ne wajen manyan da ke da zaɓi a hannunsu: kwal ko gas a tanderu, yawan kilinka a buhu, ƙona iskar gas a rijiyar mai ko tara ta a sayar. Duk tsarin da za a goyi baya, da wannan ma'auni za a auna shi.

Ƙarin kashi 5

Sauƙinsa shi ne kawai abin yabonsa: yana cikin doka, hukumar haraji ta san yadda za ta karɓa. An kuma keɓe kananzir na gida da gas ɗin girki da gas ɗin mota na CNG, wannan daidai ne. Amma farashi yake bi, ba ya bin hayaƙi. Duk ranar da naira ta faɗi ko ɗanyen mai ya tashi a duniya, harajin ma ya tashi, a daidai lokacin da mai masana'anta ya fi galabaita. Idan aka mayar da shi awon kabon, naira 70 a dizal ta yi daidai da kusan dala 17 a tan, naira 45 a fetur mai farashin naira 900 kuma kusan dala 13. Hayaƙi iri ɗaya, kuɗi iri biyu. Ba ya taɓa kabon da ke fita daga dutsen siminti domin wannan ba mai ba ne. Asalinsa ma kuɗin gyaran hanya ne. Hanyoyinmu suna buƙatar kuɗi, babu musu, sai dai kada wani ya karɓe shi da sunan maganin sauyin yanayi.

Kasuwar izinin hayaƙi

A wannan tsari gwamnati tana yanke adadin tan da manyan masana'antu za su fitar a shekara, ta raba takardun izini daidai wannan adadi, wasu kyauta wasu ta gwanjo. Wanda ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar takardunsa, wanda ya wuce ya saya. Gwamnati ta san yawan hayaƙin, kasuwa ce ke yanke farashi. Haraji kuwa akasin haka ne: an san farashi, yawan hayaƙin ne ba a da tabbacinsa.

Manyan kamfanoni sukan fi son wannan hanya, dalilinsu kuma a fili yake: takardun kyauta dukiya ce. Matsalar tana wajen abin da tsarin ke buƙata kafin ya tsaya da ƙafarsa. Sai an san ainihin hayaƙin kowace masana'anta na shekaru da suka wuce, da odita mai zaman kansa da ya tantance. Tarayyar Turai ta fara nata a 2005 ba tare da ingantattun alƙaluma ba, ƙasashe suka raba takardu fiye da hayaƙin da ake fitarwa. Da alƙaluman gaskiya suka fito a 2006 farashi ya rikito daga wajen yuro 30, a 2007 ya kusa zama sifili. A 2013 ya sake faɗuwa ƙasa da yuro 5, a Fabrairun 2023 ya haura yuro 100. A tsakani kuma 'yan damfara sun yi amfani da cinikin takardun suka wawure harajin VAT da hukumar 'yan sandan Turai ta ƙiyasta ya kai yuro biliyan 5. Wannan fa nahiya ce mai masana'antu kusan 10,000 a cikin tsarin, da kotuna da hukumomi masu ƙarfi. Kazakistan, ƙasa mai arzikin mai kamar tamu, ta buɗe tata kasuwar a 2013, ta dakatar da ita a 2016 da 2017 don gyara ƙa'idojin rabo. Sin ta shafe shekaru tana gwaji a birane da larduna kafin ta buɗe ta ƙasa a Yulin 2021, ta kuma fara da tashoshin wutar lantarki kaɗai, sai a 2025 ta shigar da siminti da ƙarfe da alminiyam.

A Najeriya akwai ƙarin cikas da ya fi waɗannan. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukan simintin ƙasar, manyan masu yin takin yuriya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kasuwar da masu saye da masu sayarwa ba su fi ashirin ko talatin ba, mutum ɗaya zai iya ɗaga farashinta ko ya kayar da shi. Sabon kamfani da ke son shigowa kuma zai tarar an riga an raba takardun kyauta ga waɗanda suka riga shi. Sannan hayaƙinmu mai yawa yana fita ne daga miliyoyin janareta da motoci, waɗanda babu kasuwar izini da za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayinmu shi ne a ajiye wannan hanya tukuna. A fara tilasta awo da rahoto, bayan shekaru biyar na alƙaluman da aka tantance sai a sake duba ta.

A nan ya dace a raba wasu abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa a tarurrukan otal-otal na Abuja. Kiredit ɗin kabon, wato takardar shaidar cewa wani aiki kamar dashen itatuwa ko rabon murhu mai tsimin itace ya rage hayaƙi, ba shi ne izinin hayaƙi ba. Saye ne na ganin dama, ba ya ɗora wa kowa farashi. Yana iya kawo kuɗi ga aikin kirki, amma tun 2023 bincike ya nuna an zuzuta yawan hayaƙin da ayyukan kare daji da na murhu da dama suka ce sun rage, farashin irin waɗannan takardu kuma ya faɗi. Wanda aka zo wa da tayin "zuba jari a kabon" ya fara tambayar wa zai saya, a nawa, wa ya tantance, kuma nawa dillali zai cire.

Harajin kabon a kan kowane tan

Finlan ce ta fara a 1990, Suwidin ta bi a 1991. Suwidin ta haɗa shi da rage harajin albashi, ta daɗe tana yi wa masana'antu rangwame, yau farashinta ya haura dala 100 a tan, hayaƙinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku daga na 1990 tattalin arzikinta kuma yana girma. Sirrin shi ne mutane sun sami abin komawa, an sauya ɗumama gidaje daga mai zuwa ragowar itacen masana'antun katako da wutar lantarki.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Afirka ta Kudu. Ta fara a 1 ga Yunin 2019 da rand (kuɗin ƙasar) 120 a tan, amma da rangwamen kashi 60 zuwa 95 cikin 100, abin da kamfani ke biya a zahiri ya kama daga rand 6 zuwa 48. Farashin ya kai rand 236 a 2025, doka kuma ta jera yadda zai hau zuwa rand 462 a 2030. Darasi biyu ke nan. Jadawalin da aka rubuta a doka yana ba mai jari damar lissafi. Rangwame mai yawa kuma yana mayar da harajin aikin cike takarda kawai. Singafo ta bi wata hanya mai tsafta: masana'antar da ke fitar da tan 25,000 ko fiye a shekara ita kaɗai ke biya, dalar Singafo 5 a 2019, 25 a 2024, 45 a 2026. Don a gane girman wannan iyaka, sai an ƙona lita miliyan 9.3 na dizal a shekara kafin a kai ta. Masana'antar ruwan ledar da muka lissafa tan 142 take fitarwa a shekara.

Najeriya ma tana da nata farashin kabon, ko da yake ba a kiransa haka. Ƙa'idojin 2018 sun ɗora wa kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana biyan dala 2 a kan kowace ƙafa 1,000 (ma'aunin yawan gas) ta iskar gas da ya ƙona a banza, ƙaramin kamfani kuma santi 50. Ƙafa 1,000 tana fitar da wajen kilo 55 na kabon, dala 2 ɗin ta yi daidai da kusan dala 36 a tan. A takarda wannan farashi ne mai ƙarfi. Duk da haka wutar ba ta mutu a Neja Delta ba, alhali tun dokar 1979 aka sa Janairun 1984 a matsayin ranar daina ƙonawa. Haraji ba ya wuce ƙarfin mitar da ke auna shi da hannun da ke karɓarsa.

Inda harajin ya mutu ma akwai abin koyo, kuma kusan duk cuta ɗaya ce ta kashe shi. Ostireliya ta fara a Yulin 2012 da dalarta 23 a tan, sabuwar gwamnati ta soke shi a Yulin 2014. Faransa ta tsayar da nata a yuro 44.6 bayan zanga-zangar masu rigunan rawaya da ta ɓarke a Nuwamban 2018 kan tsadar mai. Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya fara a 2008 da dalar Kanada 10, yana mayar da kuɗin ta hanyar rage wasu haraji, an daɗe ana buga misali da shi, amma a Afrilun 2025 lardin da gwamnatin tarayyar ƙasar duk suka janye ɓangaren da ya shafi man masu motoci da gidaje, suka bar na manyan masana'antu. Gana ta sa harajin hayaƙi a kan motoci a Fabrairun 2024, a 2025 aka soke. Ɓangaren da talaka ke gani a gidan mai shi ne ke faɗuwa. Na manyan masana'antu ya fi daɗewa.

Mu kuwa ba ma buƙatar a ba mu labari. Mun ga zanga-zangar cire tallafin mai ta Janairun 2012. Mun ga litar fetur a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 537 bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, ta kai 617 a Yuli, ta kai 1,030 a Oktoban 2024. Direban tasi da ke jigila daga Mararaba zuwa Wuse ya riga ya biya farashin da ya ninka duk wani harajin kabon da ake magana a kai. Ko da yake fetur zai kawo kuɗi masu yawa, lita miliyan 50 a rana sau naira 35 ya haura naira biliyan 600 a shekara, ba mu ga hikimar taɓa shi a zangon farko ba.

Me ya sa manyan kamfanonin duniya suka goyi baya

A 2017 wasu tsofaffin ministocin Amurka biyu, James Baker da George Shultz, suka gabatar da tsarin dala 40 a tan, a mayar wa iyalai kuɗin kai tsaye, a sa haraji a kan kayan da ke shigowa daga ƙasashen da ba su da irinsa, a kuma soke wasu ƙa'idojin muhalli. ExxonMobil da BP da Shell da Total da General Motors suna cikin waɗanda suka sa hannu. A 2019 masana tattalin arziki fiye da 3,500 suka rattaba hannu a kan sanarwa mai kama da haka. A 2020 ƙungiyar shugabannin manyan kamfanonin Amurka ta amince da sa wa kabon farashi, a 2021 ƙungiyar kamfanonin mai ta ƙasar ta bi sahu. Har yau Amurka ba ta da harajin kabon na ƙasa.

Dalilan goyon bayan na kasuwanci ne, kuma babu aibu a hakan. Mai gina tanderun da zai yi shekara 40 yana aiki ya fi son farashi ɗaya sananne da ƙa'idoji goma masu sauyawa da kowace gwamnati. Mai sayar da gas yana cin riba idan kwal ya yi tsada. Tsarin farko na Baker da Shultz har da kariya daga ƙarar kotu kan ɓarnar yanayi, wadda aka cire a 2019. Saboda haka idan babban kamfani ya miƙe a taron ƙungiya ya ce ya goyi baya, ƙaramin mamba yana da haƙƙin tambaya: Alhaji, wane rangwame kuke nema a ciki, kuma mu da ba mu da bututun gas a ƙofa, me za mu samu?

Ana kuma yawan kafa hujja da harajin kan iyaka na Turai, CBAM, wanda aka fara gwajinsa a Oktoban 2023, ya fara aiki sosai a Janairun 2026. Ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyam, taki, haidurojin da wutar lantarki, kuma yana cire duk kuɗin kabon da aka riga aka biya a ƙasar da kayan suka fito. Hujjar gaskiya ce, gara kuɗin su zauna a Abuja da su tafi Burasel, hedkwatar Tarayyar Turai. Amma a san iyakarta. Ɗanyen mai da gas ba sa ciki, haka riɗi da citta da zoɓo. Mai fitar da yuriya ko alminiyam ne abin ya shafa, shi ma dala 10 kaɗan za ta rage masa daga farashin Turai da ya ninka ta sau da yawa.

Sharuɗɗan da za a gindaya

Mun fi karkata ga harajin kabon a kan tan, amma goyon bayan da ba shi da sharaɗi kuskure ne. Na farko, ya maye gurbin ƙarin kashi 5 a kan duk man da ya shafa, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a doka, a kuma hana jihohi da ƙananan hukumomi ƙirƙiro nasu harajin hayaƙi a kai. Masu masana'antu sun san yadda haraji ɗaya ke haihuwar 'ya'ya a ƙasar nan.

Wurin karɓa shi ne abu na biyu, kuma a nan ake samun nasara ko a faɗi. Dizal da baƙin mai da kwal a karɓa daga tushe: matata, tashar jirgin ruwa, daffo, bakin mahaƙa. Wurare ne 'yan kaɗan, kuma hukumar kula da rarraba mai ta NMDPRA ta riga tana riƙe da lissafin tankokin da ke fita daga daffo. Hayaƙin da ba na mai ba, irin na dutsen siminti, a karɓa daga masana'antun da suka haura tan 25,000. Kada a yarda da tsarin da zai sa jami'i ya riƙa zagaya Idu ko Kugbo yana leƙa bututun janareta, wannan ƙofar cin hanci ce, kuma awon ba shi da amfani tunda litar da aka saya ta riga ta faɗi hayaƙin. A kula da biya sau biyu: masana'antar da ta sayi dizal mai haraji a daffo dole a cire mata shi daga lissafinta na shekara. Gas ɗin da ya shiga jikin yuriya a matsayin kayan haɗi a raba shi da wanda aka ƙona. Man da aka fitar waje a mayar da harajinsa.

Farashin a yanke shi da naira, a jera na shekara biyar a cikin doka, a riƙa daidaita shi da hauhawar farashi sau ɗaya a shekara. Idan aka ɗaure shi da dala, cutar kashi 5 ta dawo ta taga. Gas ɗin girki da kananzir su zauna a waje ko da wane irin matsi. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana fitar da kusan kilo 3 na kabon, amma uwargidan da tsada ta kora daga gas gawayi za ta koma, buhun gawayi kuwa daga dazukan Neja da Nasarawa da Kaduna yake fitowa, hayaƙinsa da ɓarnarsa sun fi.

Sai maganar kuɗin, wadda ta fi kowace wuya. Dokar 2021 ta ambaci kuɗin harajin kabon cikin abin da zai shiga Asusun Sauyin Yanayi, sashe na 162 na tsarin mulki kuma ya ce kuɗin shigar tarayya su tafi asusun da ake rabawa tsakanin matakan gwamnati uku. Dole lauyoyin ƙungiyoyi su nemi a warware wannan kafin a karɓi ko kwabo, in ba haka ba kuɗin za su narke a rabon wata-wata. Hanyar da ta fi aminci ga ɗan kasuwa ita ce wadda kuɗin ba sa bin ta hannun kowa: a ba shi damar cire wani kaso na abin da ya kashe a kan sola, batura, sauya injin zuwa gas ko gyaran tanderu daga harajin da ake binsa. Kilowat ɗaya na faifan sola a Abuja yana ba da yunit 4 zuwa 4.5 a rana, ya yi tsimin fiye da litar dizal guda. Faifai na kilowat 50 a rufin masana'anta suna ɗauke lita 56 zuwa 63 kullum, muddin ana wanke su a lokacin hunturu, domin ƙurar harmatan tana rage musu ƙarfi sosai. Ga masu siminti, gauraya gasasshen yumɓu da garin farin dutse yana iya rage hayaƙin buhu da kashi 30 zuwa 40, farin yumɓun da ake buƙata kuma yana nan a Alkaleri da Ƙanƙara da sassan Filato. Bututun gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) mai tsawon kilomita 614 da ya ratso ta Abuja shi ne zai ba masana'antun Arewa zaɓin gas, don haka ya dace matakin farashi na biyu ya jira ranar da gas ya fara isowa Kaduna da Kano. In ba haka ba, masana'antar Ogun mai bututu za ta biya ƙasa da ta Sharaɗa a Kano a kan laifin da ba nata ba.

Kafin ƙungiya ta rubuta matsayarta, kowane mamba ya tattaro rasit ɗin man wata 12, ya ninka litar dizal da 2.68, ta fetur da 2.31, ya raba da 1,000, ya ga tan nawa yake fitarwa. Ya kuma sa mai gyaran janareta ya duba nauyin da injin ke ɗauka. Janaretan da ke aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa yana iya shan lita 0.4 ko fiye a kowane yunit maimakon 0.28, mai da bai ƙone ba yana taruwa a salansa, zoben fistan yana daskarewa da baƙi. Da yawa daga masu 250 kVA da ke kunna shi da dare don fitilu da firji kaɗai, ƙaramin inji na 40 kVA a gefe zai yi musu tsimin man da ya ninka harajin dala 10 sau da yawa.